Kafin a ɗibi jinin yaranmu: kwamitin ɗa'ar bincike da ajiyar takardu

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatan lafiyarmu suka yi wa shugabannin ikilisiyoyin ƙauyuka. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba. A karanta shi a taron dattawa da na zumuntar mata.

  Mun san yadda hanyoyin Anka, Bukkuyum da Gummi suke a wannan lokaci, saboda haka ba mu ɗauki zuwanku da wasa ba.

Maganar da muka kawo yau ta takarda ce. Wani zai ce, ina ruwan manomi da takardun ofis? To, tun daga 2010 ƙauyukan wannan yanki sun ga baƙi da yawa masu ɗauke da allura da kwalabe da littattafai. Sun ɗibi jinin yara, sun ɗibi ƙasar tsakar gida, sun yi tambayoyi, sun rubuta. Alheri ne ya kawo su, kuma sun ceci rayuka. Wasu baƙin za su sake zuwa. Ya kamata mu san wanda ke ba su izini, da inda ake rubuta izinin, da inda za a sami shaida idan wani abu ya taso game da yaro bayan shekara goma.

Menene kwamitin ɗa'ar bincike?

Da akwai bambanci tsakanin magani da bincike. Idan likita ya ba yaronki maganin da aka riga aka sani domin ya warke, wannan magani ne. Idan kuwa ana so a gano wani abin da ba a sani ba tukuna, misali ko sabon magani yana aiki, ko cuta ta kama mutum nawa, wannan bincike ne. Bincike abu ne mai kyau. Duk maganin da muke sha yau, da bincike aka samo shi. Amma mai bincike yana da nasa buri, kuma wanda ake binciken a jikinsa shi ke ɗaukar kasada.

Saboda haka ake kafa kwamiti na mutanen da ba su da hannu a cikin binciken, su duba shi kafin a fara. Suna tambaya: Wace illa za ta iya samun mutane? Wane amfani za su samu? Za a yi musu bayani da harshensu? Suna da ikon ƙi? Wa zai ɗauki nauyin wanda ya cutu? Kwamitin na iya yarda, ko ya ce a gyara, ko ya hana.

A Najeriya akwai babban kwamiti na ƙasa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja, ana kiransa NHREC. A 2007 aka fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ce duk inda ake binciken lafiya, dole a sami irin wannan kwamiti ko a jingina da wanda ke da rajista. Manyan asibitocin koyarwa na Sakkwato, Zariya da Kano suna da nasu, haka ma ma'aikatun lafiya na jihohi. Ƙa'idar ta ce 'yan kwamiti kada su kasa biyar, kuma a sa wanda ba masanin kimiyya ba a cikinsu. Wato akwai kujerar mutum irinmu.

Abin da ya faru a Kano a 1996

A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Najeriya, ta kashe fiye da mutum 11,000. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer daga Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, domin ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin. Kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma yarda da baki, kuma sanƙarau ce ta jawo mutuwar da nakasar.

Wa ke da gaskiya? A nan ne takarda za ta raba gardama, amma babu takardun yarda da iyaye suka sa wa hannu. Akwai dai wata wasiƙa mai kwanan watan Maris 1996, wadda ta ce kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya amince da gwajin. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000 da farkon 2001, shugaban asibitin ya ce a lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ko kaɗan. Sai ta bayyana cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka sa mata kwanan watan da ya wuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. Ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka, amma jama'a ba su ga rahoton ba sai a 2006 da ya fita a jarida. A 2007 gwamnatin Kano ta kai ƙara. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A wannan shekarar kuma Kwamishinan Shari'a na Kano ya sanar cewa an nemi fayil-fayil na yaran a ma'aikatar lafiya da kuma asibitin, ba a gan su ba.

Ku duba abin da rashin takarda ya haifar. Yara 200 aka yi wa gwaji, amma fiye da mutum 500 suka fito neman diyya. Dole aka koma ga gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, domin a tantance su. Sai a watan Agusta 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Da an ba kowace uwa takarda mai sunan ɗanta da lambarsa, da wahalar ba ta kai haka ba.

Asarar ba ta tsaya a Kano ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa, har da Kano da Zamfara, kuma labarin Trovan yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin a koma rigakafin a 2004 cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yaran da ba su san komai ba suka gurgunce.

Abin da rubutu ya yi mana a lokacin gubar dalma

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake kira Na Gari Na Kowa, suka lura yara na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na sanƙarau, ba sauƙi. Awon jini ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa domin zinariya yana da dalma mai yawa, ana kuwa daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar tana shiga cikin yara ta hannu da abinci.

A watan Mayu 2010 ma'aikatan gwamnati da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida gida a ƙauyuka biyu suna ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai awon da ake bukatar maganin fitar da dalma. Waɗannan alƙaluma su ne suka sa duniya ta juyo. Fiye da yara 400 aka rasa a wannan annoba.

An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Yargalma a 2010. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Sunke, Tungar Guru, Tungar Daji da Duza. Bagega ta jira kuɗi har 2013. An auna ƙasar kowane gida an rubuta, domin ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi cikin gidan da ke cike da guba. Maganin kuma ba na sha ɗaya ba ne. Yaro zai sha na makonni, a sake awo, in dalma ta sake hawa a sake ba shi. In ba rubutun awon baya, likita ba zai san ko yaron na samun sauƙi ne ko ya koma shaƙar ƙura ba.

A 2014 likitocin suka wallafa abin da suka koya daga bayanan yara 1,156 da aka yi wa zagayen magani 3,180. Likitocin duniya suna amfana da wannan ilimi, kuma daga jikin yaranmu ya fito. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha.

Ku lura da abu ɗaya. An rubuta bayanan yaran ne domin a yi musu magani, daga baya bayanan suka zama abin bincike. Haka yakan faru, kuma ba laifi ba ne. Amma a daidai wannan gaɓa ake bukatar kwamiti ya duba, ya tabbata an cire sunaye, ya kuma rubuta abin da ya yanke. Yaran da aka yi wa magani a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Dalma takan zauna cikin ƙashi shekaru masu yawa, tana iya fitowa lokacin da mace ke da juna biyu. Yarinyar da aka auna a Duza tana 'yar shekara uku za ta bukaci wannan bayani ranar da ta je awon ciki.

Me ya kamata kwamiti ya rubuta ya ajiye?

Kowace ikilisiya tana da sakatare mai littafin taro, da ma'aji mai littafin kuɗi. Mun san rigimar da ke tashi idan ba a rubuta abin da dattawa suka yanke ba. Aikin kwamitin ɗa'a haka yake, sai dai abin da ke hannunsa ran mutum ne. Ga abubuwan da ya kamata a samu a ofishinsa:

1. Takardar kafa kwamitin, ƙa'idojin aikinsa, da sunayen 'yan kwamiti tare da sana'ar kowa.

2. Littafin rajista. Duk takardar neman izini da ta shigo a ba ta lamba, a rubuta ranar da ta shigo da ranar da aka yanke shawara.

3. Cikakken tsarin binciken, da duk gyaran da aka yi masa daga baya. Kada a yar da na farko domin an kawo sabo.

4. Littafin taro: wa ya zo, me aka tattauna, mutum nawa suka yarda, nawa suka ƙi, da dalilinsu. Idan ɗan kwamiti yana da hannu a binciken, a rubuta cewa ya fita kafin a yanke shawara.

5. Takardar izini mai lamba, da ranar da aka ba da ita, da ranar da za ta ƙare. Izini ba na har abada ba ne. Ana sake dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara.

6. Takardar yarda da za a karanta wa mutane, da Turanci da kuma Hausa, daidai yadda kwamiti ya amince da ita.

7. Rahoton duk wata illa ko mutuwa da ta faru, da abin da kwamiti ya yi a kai.

8. Koke-koken jama'a da amsar da aka ba su.

9. Yarjejeniyar fitar da jini ko wani samfuri zuwa ƙasar waje: ina za a kai shi, me za a yi da shi, yaushe za a zubar da shi.

10. Kuɗin da ya shigo wa kwamiti da inda ya fito.

Yadda ake ajiya mai kyau

A rubuta a ranar da abin ya faru. Kada a taɓa sa wa takarda kwanan watan da ba nata ba, ko da babban mutum ne ya roƙa. Ba a ba da izini bayan an gama aiki. Ko a lokacin annoba, kwamiti na iya zama da gaggawa, amma ya zauna kafin a taɓa kowa.

A yi amfani da littafi ɗinkakke mai lambar shafi. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko, a sa hannu da kwanan wata. Kada a yage shafi, kada a goge.

A raba suna da sakamako. Kowane mutum a ba shi lamba, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma a kulle ta dabam. A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, ga kuma 'yan bindiga. Takardar da ta nuna gidan da ake sarrafa dutsen zinariya, in ta faɗa hannun da bai dace ba, tana iya jawo wa iyali masifa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su.

A ajiye a wuri biyu. Gara, yoyon rufi, gobara da gudun hijira duk suna cin takarda. A sa na asali a kabad na ƙarfe mai makulli, a ajiye kwafi a kwamfuta mai lambar sirri a wani gari. Duk wanda ya ɗauki fayil ya sa hannu.

A yi miƙa aiki a rubuce. Takardu sun fi ɓacewa lokacin da aka yi wa sakatare canjin wurin aiki.

A daɗe ana ajiya. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2000 ta ce a ajiye aƙalla shekara uku bayan an gama bincike. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Iyalan Kano sun bukaci takardunsu bayan shekara 13. Shawararmu ita ce, in binciken ya shafi yara, a ajiye har su girma su iya tambaya da bakinsu.

A fita a gani. Kwamitin da ke zaune a Gusau ko Abuja ya riƙa tura wakili ƙauye ya duba ko abin da aka rubuta shi ake yi, ya kuma rubuta abin da ya gani.

Namu aikin a ƙauye

Matambayi ba ya ɓata. Idan masu bincike suka zo, a karɓe su da mutunci, a ba su ruwa, sa'an nan a tambaye su:

Wannan magani ne ko bincike?

Wane kwamiti ya ba ku izini? Muna so mu ga takardar, da lambarta, da kwanan watanta.

Wa za mu kira a kwamitin idan muna da kuka?

Ina za a kai jinin, kuma yaushe za mu ji sakamako?

Idan yaro ya cutu, wa zai ɗauki nauyinsa?

Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Izinin hakimi ko mai gari ko fasto ko liman ƙofar shiga gari ne kawai. Ba ya maye gurbin yardar iyaye. A yi wa uba da uwa bayani tare, domin uwa ce ke kwana da yaron. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa da Hausa a gaban shaidan da shi ya zaɓa, wanda ba ya cikin masu binciken, sa'an nan ya dangwala yatsa. Kada kowa ya dangwala a kan takardar da ba a karanta masa ba. Kowa yana da ikon ya ƙi, ko ya janye daga baya, kuma ba za a hana shi magani saboda haka ba.

A karɓi kwafin takardar yarda. A sa ta a leda tare da katin rigakafi da katin awon dalma, a ajiye a akwati. Mai waya ya ɗauki hotonta. Idan gudu ya kama, a tafi da ledar.

Sakataren ikilisiya, tare da mai gari, ya buɗe littafin baƙi. A rubuta ranar zuwansu, sunan ƙungiyarsu, sunan kwamitin da ya ba su izini, lambar takardar, da alkawarin da suka yi. Kada a rubuta sunan mara lafiya ko cutarsa a wannan littafi, wannan sirrin iyalinsa ne. Littafin na gari ne duka, Kirista da Musulmi, domin dalma ba ta tambayi addinin kowane yaro ba.

Kuma kada wannan magana ta sa mu kori masu rigakafi ko ma'aikatan asibiti. Allurar ƙyanda da ɗigon shan inna ba gwaji ba ne, an daɗe da tabbatar da su. Rigakafi ya fi magani.

Idan aka nemi wani daga cikinmu ya zauna a irin wannan kwamiti, ko malamin makaranta, ko ungozoma, ko shugabar zumunta, kada ya ce bai yi zurfin karatu ba. Shi ne ya san ko bayanin zai shiga kunnen mutanen ƙauye. Ya faɗi ra'ayinsa, ya kuma tabbata an rubuta shi a littafin taro.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne baƙi ne suka ɗibi jini ko suka yi tambayoyi a garinmu cikin shekara biyar da suka wuce? Muna da shaidar zuwansu?

2. Gidaje nawa ne har yanzu suke da katin awon dalma na yaransu? Waɗanda nasu ya ɓata, wa zai raka su asibiti su nemi bayaninsu?

3. Wa zai riƙe littafin baƙi, kuma ina za a ajiye kwafinsa?

4. Su wa za mu zaɓa, mace ɗaya da namiji ɗaya, masu karatun Hausa, su riƙa zama shaidu?

Muna roƙon kowace ikilisiya ta amsa waɗannan tambayoyi kafin taronmu na gaba, ta kuma zo da littafinta mu gani.  Allah ya kiyaye yaranmu, ya kai kowa gidansa lafiya.